Baho Mai Ƙofa da Wankan Tsofaffi: A Yi Nazari Kafin a Kashe Kuɗi

Duk wanda ya zauna a Amurka ko Ingila, ya kunna talabijin da hantsi lokacin da ma'aikata suka fita aka bar 'yan fansho a gida, ya san tallan nan. Dattijuwa mai furfura ta buɗe wata 'yar ƙofa a jikin bahon wanka, ta shiga ba tare da ta ɗaga ƙafa sosai ba, ta zauna a kan mazaunin da aka ƙera a ciki, ta rufe ƙofar, ruwa ya taso mata har ƙirji tana murmushi. Alƙawarin da masu tallan suke yi shi ne tsoho zai yi wankansa shi kaɗai, ba mai riƙe shi, kuma ba zai faɗi ba.

'Ya'yanmu da ke aiki a waɗannan ƙasashe suna ganin tallan, su tuna da Inna ko Baba da suka bari a gida da ciwon gwiwa, zuciya ta raya musu su saya su turo. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kafin a fitar da dala, yana da kyau a san abin da bahon yake magancewa da kuma abin da yake jawowa, domin sau da yawa abin da tsohon yake buƙata bai kai ko kusa da kuɗin ba.

Matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne faɗuwa take kashewa duk shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. In aka cire hatsarin hanya, babu wani tsautsayi da ya kai faɗuwa kisa. A Amurka, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ce cikin kowane mutum huɗu masu shekara 65 zuwa sama, ɗaya yakan faɗi a shekara. Wani rahotonta na 2011 ya nuna cewa a 2008 kaɗai, kusan mutum 234,000 masu shekara 15 zuwa sama aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a banɗaki, kuma kusan huɗu cikin biyar faɗuwa suka yi.

Yaro ya zame a banɗaki, ya tashi ya karkaɗe jiki, a yi masa dariya. Tsoho ya zame, ƙashin ƙugunsa ya karye, domin ƙashi yakan yi rauni da shekaru, musamman na mata bayan al'ada ta ɗauke. Karayar ma ba ita ce ke kisa kai tsaye ba, kwanciyar da ke biyo bayanta ce: gyambon kwanciya, ciwon huhu, daskarewar jini a jijiyar ƙafa, rashin cin abinci. Bincike a ƙasashe daban-daban ya sha nuna cewa tsakanin mutum biyu zuwa uku cikin goma na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. Wanda ya tsira kuma yakan kamu da tsoron faɗuwa, ya rage motsi, ƙafafu su ƙara mutuwa, faɗuwa ta biyu ta matso kusa.

To, yaya bahon yake? Bahon da aka saba gani a otal da manyan gidaje yana da bango mai tsayin santimita 35 zuwa 50, wanda dole a tsallake da ƙafa ɗaya, ɗayar tana tsaye a kan jiƙaƙƙen tayil. Daga nan mutum ya sauka har ƙasa ya zauna, in ya gama ya yunƙuro. Ga mai amosanin gaɓɓai ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, kowane ɗaya cikin waɗannan ukun tarko ne. Baho mai ƙofa ya rage tsallaken zuwa dokin ƙofa mai santimita 8 zuwa 18, ya sa mazauni mai tsayin kujera, wato wajen santimita 43, da maƙalai na ƙarfe, da ƙasa mai kaushi, da kan shawa mai tiyo da ake riƙewa a hannu. Ƙofar tana da roba a gefenta mai hana yoyo. Manyan kamfanoni irin su Kohler da American Standard suna ƙera shi, wasu har da injin da ke feso ruwa ko iska a jiki domin tausa. Kuɗinsa da na ɗaurawa a Amurka yakan fara daga dala dubu kaɗan ya haura dubu goma, kuma Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta masu shekara 65, a bisa ƙa'ida ba ta biya, don ba ta lissafa shi cikin kayan jinya ba.

Abin da tallan ba ya nunawa shi ne tsawon zaman. Tunda ƙofar a jikin bahon take, ba a tara ruwa sannan a shiga. Sai tsoho ya tuɓe, ya shiga, ya rufe, ya zauna tsirara yana jiran ruwa ya taru. In ya gama, ba shi da halin buɗewa sai ruwan ya tsiyaye tas. A bahon da ba a sa wa injin zuƙe ruwa ba, wannan jiran yakan ɗauki mintoci da dama, yana jiƙe, sanyi na dukansa. Yawancin ƙofofin ciki suke buɗewa, nauyin ruwan ne ma ke danne su, saboda haka ko na waje ba zai iya buɗewa ba matuƙar akwai ruwa. In magudanar ta toshe ko jiri ya kama mutum, fitar da shi daga rami mai zurfi da ƙunci aiki ne na ƙarti. A Las Vegas, a 2014, wata mata da ke zaune ita kaɗai ta zame daga mazaunin ta maƙale a gaban ƙofar, ta yi kwanaki a ciki kafin a gano ta, daga baya ta rasu a asibiti, maganar ta kai kotu.

Sai zafi. Mai shiga baho na yau da kullum yakan taɓa ruwan da hannu kafin ya sa jiki. Mai baho mai ƙofa kuwa ruwan a kan ƙafafunsa yake zuba, ba shi da wurin gudu. Ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana ƙona fata mummunar ƙuna cikin daƙiƙoƙi kaɗan, fatar tsoho kuma ta fi ta saurayi laushi. Shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar kada hita ta wuce digiri 49, a Ingila kuma tun 2010 dokar gini ta wajabta sa na'urar da ke hana ruwan baho wuce digiri 48 a sababbin gidaje. Mai ciwon suga da ya daɗe yana fama, jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, ya tafasa ƙafa bai sani ba. Wannan gargaɗin bai tsaya kan masu baho ba; ya shafi duk gidan da ake juye tafasasshen ruwa a bokiti a kai wa Baba ya sirka da kansa. A sirka masa tun a waje, a gwada da gwiwar hannu.

Ko ruwan bai kai na ƙuna ba, daɗewa a cikinsa yana buɗe jijiyoyin jini, bugun jini ya sauka, mutum ya miƙe ya ga duhu. Mai shan maganin hawan jini ko na barci ya fi kowa shiga wannan haɗari. Japanawa sun fi kowa sanin haka, domin su al'adarsu ce a nitse cikin ruwan zafi har wuya kowane dare. Masu bincike a ƙarƙashin ma'aikatar lafiyar ƙasar sun taɓa ƙiyasta cewa wajen mutum 19,000 ke mutuwa a shekara a lokacin wanka, akasari tsofaffi, akasari da hunturu. Hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar tana ba da shawarar kada ruwa ya wuce digiri 41, kada zama ya wuce minti 10, a ɗumama banɗaki kafin a tuɓe, kada a miƙe farat ɗaya, sannan a faɗa wa wani a gida kafin a shiga. Shawarar ƙarshen nan kyauta ce, kuma ita ce ta fi duk sauran daraja.

In aka ɗauko bahon aka kawo shi Kano ko Maraɗi, sai lissafi ya ƙara rikicewa. Cikinsa yana cin lita 150 zuwa 300. Wanka ɗaya na lita 200 jarka takwas ke nan ta mai ga-ruwa, kusan kura guda. Hitar da ake maƙalawa a banɗakunanmu mai lita 30 ce ko 50, ba za ta ɗumama shi duka ba. Ruwan tankin sama ba shi da ƙarfin da zai cika shi da sauri. In injin zuƙe ruwan na lantarki ne aka ɗauke wuta, Hajiya tana ciki. In robar ƙofar ta tsufa ta fara yoyo, wa zai kawo wata? Ga kuma batun tsarki: ruwan da sabulu ya canza wa launi ko ƙamshi ba a wankan ibada da shi, saboda haka duk da bahon, sai an koma ga shawa ko moɗa.

Ba cewa nake bahon ba shi da amfani ba. Wanda ke iya tafiya da kansa, hankalinsa garau, gidansa na da ruwa da wuta, likita kuma ya ce jiƙa jiki a ruwan ɗumi zai sassauta masa ciwon gaɓɓai, zai more shi. In za a saya, a nemi mai saurin tsiyaye ruwa, mai na'urar daidaita zafi, mai ƙofar da ke buɗewa waje in mutum da keken guragu yake amfani, kuma ƙwararre ya haɗa wutar da abin da ke katse ta nan take in ta taɓa ruwa. Mai rikicewar tsufa kuwa, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon zuciya mai tsanani, bai kamata a bar shi shi kaɗai cikin ruwa mai zurfi ba, komai tsadar bahon.

A ganina, babban haɗarin da ke gidajenmu tayil ne. Iyayenmu sun girma suna wanka a kan siminti mai kaushi, a zaune kan 'yar kujera, bokiti a gaba. Ɗa ya sami kuɗi ya ce zai kyautata wa mahaifiyarsa, ya kira magini ya shimfiɗa mata tayil mai ƙyalli irin na falo har cikin banɗaki. Ruwan sabulu ya hau kai, ita kuma tana sanye da silifan da gindinsu ya suɗe. An yi gyara an ɓata ke nan. Tayil mai kaushi yana nan a kasuwa, sai dai a ce wa mai shago na ƙasan banɗaki ake so. A gidan da siminti ne, a riƙa kankare gansakuka, a gyara gangaren ƙasa don kada ruwa ya kwanta.

Bayan ƙasa sai wurin zama. 'Yar tsugunno ta yi wa mai ciwon gwiwa ƙasa da yawa; zaman ba wuya, tashin ne aiki. A samo kujera mai tsayin da tafin ƙafa zai taka ƙasa gwiwa kuma ba ta haura ƙugu ba, mai roba a ƙafafunta. Kujerar roba ta 'yan biki da rana ta gasa takan buɗe ƙafa ta zubar da mutum, kada a yarda da ita. A ɗora bokitin a kan wani abu don kada a yi ta sunkuyo. Sannan a sa mai walda ya yi maƙalai na bututun ƙarfe, a kafa su cikin bulo da manyan kusoshi, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya kusa da kujera, ɗaya a gefen masai. Ƙa'idar Amurka ta ce irin wannan maƙali ya iya ɗaukar nauyin kilo 113, a tsayin santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa. Ƙarfen rataye tawul da kan famfo ba a yi su don ɗaukar mutum ba, haka ma maƙalin da ake mannawa a tayil da iska.

Ƙofar banɗakin tsoho ta riƙa buɗewa waje, domin in ya faɗi a bayanta jikinsa ne zai tokare ta. A cire sakatar ciki ko a sa wadda ake iya buɗewa daga waje. A ajiye fitila mai caji, saboda yawancin dattawanmu da duhun asuba suke shiga, ido da barci, wuta babu. Alwala ma a zaune. Ɗaga ƙafa zuwa kwamin wanke hannu a tsaye kan ƙafa ɗaya ya kayar da mutane da yawa. Da sanyin hunturu kuma kada a shigar da kaskon gawayi banɗaki a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, sumar da mutum take yi.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya ba ya son a ga tsiraicinsa, ba zai ce ya kasa ba, ko ya faɗi ma sai ya ɓoye ya ce targaɗe ne. Wasu sukan rage wanka gaba ɗaya, a ɗauka ƙazantar tsufa ce, alhali tsoro ne. In aka ce masa “Baba, ba za ka iya ba,” an rufe ƙofar magana. Gara a ce, “Baba, an sa ƙarfen nan ne saboda santsi, kowa ma da shi yake riƙewa, in za ka shiga ka yi mini magana in kawo maka ruwa.” In har sai an taimaka, namiji ya taimaki namiji, mace ta taimaki mace, a rufa masa zane a cinya, a bar shi ya wanke duk inda hannunsa ya kai.

In tsautsayi ya faɗa, kada a yi gaggawar ciccibo shi ta hammata. A rufe shi da zane busasshe, a tambaye shi inda ke ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙugu ce: a ɗauke shi a kwance a kan abu mai ƙarfi zuwa asibitin da ke da hoton ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa. Wannan karaya tana can ciki, ɗori ba ya kai mata, yawanci aiki ake yi, kuma likitoci sun fi son a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa kansa ya bugu, ko da ya tashi yana magana, a kai shi a duba, musamman in yana shan maganin tsinka jini, domin jini yakan taru a cikin kai a hankali, alamarsa ta bayyana bayan kwanaki ko makonni da ciwon kai, yawan barci ko rikicewar magana.