Masu Gadin Cikin Jini Da Jijjigar Masu Ciki

Duk wanda ya taɓa aikin gadi a Ikoyi ko Bodija ya san ka'idar bakin ƙofa. Ɗan gida ya shige, baƙo ya nuna shaida, wanda ba shi da shaida a tsare shi. To, a cikin jinin kowane ɗan Adam akwai waɗansu fararen ƙwayoyi masu irin wannan aiki, likitoci na taƙaita sunansu da NK, ma'anarsa makasa tun daga halitta. A shekarar 1975 aka gano su, a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin da kuma Amurka.

Kusan kowace ƙwaya ta jikinmu tana ɗauke da wata alama a bayanta wadda ake kira HLA, ita ce takardar shaidarta. Idan cuta ta shiga ƙwayar, ko ta fara rikiɗewa zuwa ciwon daji, sau da yawa alamar takan ɓace. Masu gadin nan suna yawo suna lalube da waɗansu 'yan hannuwa da ake kira KIR, wadda suka taɓa suka ji shaida sai su wuce, wadda babu sai su kashe ta. Wani masani ɗan Suwidin, Klas Kärre, shi ya bayyana wannan a 1986.

Abin lura shi ne hannuwan nan ba iri ɗaya ba ne ga kowa, gadonsu ake yi daga uwa da uba. Waɗansu na tsayar da mai gadi, waɗansu na zuga shi. Masana sun kasa gadon gida biyu: gidan A, wanda masu tsayarwa suka fi yawa a cikinsa, da gidan B mai ƙarin masu zugawa. Bugu da ƙari, gadon hannuwan yana kan ƙunshin gado na 19, na shaidar kuwa yana kan na 6, saboda haka kowanne hanyarsa daban, har wa da ƙane ciki ɗaya sukan sha bamban. A 2013 an bincika jama'ar Ga-Adangbe ta kudancin Gana, aka tarar da bambanci mai yawan gaske a tsakaninsu.

Wannan bambanci yana cikin dalilan da ke sa cuta ɗaya ta kama mutum biyu, ɗaya ya daɗe, ɗaya ta yi saurin cin ƙarfinsa. A 2002 masu bincike a Amurka sun nuna cewa masu wani haɗi na KIR da HLA sun fi jinkirin kwantawa bayan kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. A 2004 kuma aka ga wani haɗin yana taimakon jiki ya kori ciwon hanta mai lamba C.

Amma inda maganar ta fi shafar gidajenmu shi ne wajen haihuwa. A farkon ciki, kimanin kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke bangon mahaifa irin waɗannan masu gadi ne, sai dai a nan aikinsu tarbar baƙo ne. Jariri rabinsa na uba ne, mabiyiyarsa kuwa dole ta kafa saiwa a bangon mahaifa, ta buɗe hanyoyin jinin uwa domin abinci ya isa. Masu gadin ne ke taya ta wannan aiki. Idan aka tsayar da su fiye da kima, hanyoyin ba su buɗewa sosai, jini ya yi ƙaranci ga jariri, ita kuma uwa jininta ya hau. Wannan shi ne mafarin ciwon da idan ya yi tsanani mace ke faɗuwa tana jijjiga tana taune harshe.

A 2004, Farfesa Ashley Moffett da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gano cewa haɗarin ya fi yawa idan uwa ta gaji gidan A ta ɓangare biyu, jaririn kuma yana ɗauke da wata shaida da ake kira C2, daga baya kuma suka ga abin ya fi ƙamari in daga ubansa ya samo ta. Ita wannan shaida ta C2 ta fi yawa a jikin baƙar fatar Afirka bisa ga Turawa. Sai wata likita 'yar Yuganda, Dokta Annettee Nakimuli, ta bi sawu a Asibitin Mulago na Kampala, aka buga sakamakon a 2015. Ta sami wannan haɗari ga matan can, ta kuma sami wani hannu mai zugawa, KIR2DS5, wanda wani nau'insa ke kāre matan Afirka, daban da wanda ke kāre Turawa. Ashe ke nan abin da aka auna a jikin Bature ba lalle ya isa a yi wa ɗan Afirka hukunci da shi ba.

Jama'a, a nan akwai darasi. Idan mace ta yi jijjiga, sau da yawa akan ce iska ce, ko a ɗora wa kishiya, a yi ta hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure. Alhali ciwo ne wanda gadon uwa da na uba duka suke da hannu a cikinsa, ba laifin kowa. An kuma lura ya fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko ciwon sukari tun asali, har ma da wadda ta haihu lafiya a gidan wani mijin ta sake aure.

Kada fa a ɗauka wannan kamar gwajin amosanin jini ne da ake yi kafin aure. Wannan gado ƙara haɗari kawai yake yi ko ya rage shi, kuma ba a raba aure saboda shi. Abin da ke hannunmu shi ne awon ciki. Bayan mako 20, idan awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga alama a fitsari, likita ya san matakin ɗauka. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, duk alamu ne na a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Akwai allurar magnesiyom salfet da ke tsayar da jijjiga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita.

Mu da ke zaune a Sabo ta Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, matanmu da yawa suna nesa da iyayensu mata, ba su jin Yarbanci ko Turanci, kunya kuma na hana mai cikin fari ta faɗi abin da ke damunta. Nauyin ya koma kan maigida: ya ba da izini, ya ba da kuɗin mota, ya nemo wadda za ta raka ta ta yi mata tafinta. Sarakunan Hausawa da limamanmu su ma su riƙa tunatarwa. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.