Muƙabalar Zamani: Yadda Za Mu Ceci Abin da Ke Cikin Tsofaffin Faya-fayanmu

Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Haihuwarta ta zo daidai da shekarun da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da shagunan buga takardu na biranen Arewa, tana ture tafireta gefe. Saboda haka wani kaso na tarihin jihar tun tana jaririya yana kwance ne a cikin faifan fulofi da na sidi: takardun ofis, kundin kammala karatu da ɗalibi daga Wanke ko Tsafe ko Bungudu ya kai shago a Gusau aka buga masa, bidiyon naɗin sarauta, da karatun tafsiri da aka juye daga kaset. Yawancin masu waɗannan kaya sun saka su cikin akwati sun kulle, zuciyarsu ta kwanta cewa sun adana. Gaskiyar magana ita ce faifai yana mutuwa a hankali ko da ba a taɓa shi ba, kuma kwafin da ba a tantance ba bai cancanci a kira shi ajiya ba.

Kowane irin faifai da tasa cutar. Fulofi ɗan faranti ne na roba da aka shafa wa garin maganaɗisu. Raɓar damina tana sa ya yi fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare shi, ƙarfin maganaɗisun kuma yana raguwa da shekaru. Ƙaramin fulofin da aka fi sani yana ɗaukar megabayit 1.44 ne kacal, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011, don haka na'urar karanta shi ma tana neman zama abin tarihi. Sidin da ake ƙonawa a shago, mai cin kusan megabayit 700, yana riƙe rubutunsa ne a jikin wani rini da hasken rana da zafi ke lalatawa, ga shi kuma zafin bazara a Gusau yakan haura ma'auni 40. Filashi da memori suna riƙe bayani da ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa idan suka daɗe a ajiye. Abin da ya fi muni shi ne lalacewar ba ta yin sallama. Fayil zai buɗe, amma wani sashe nasa ya riga ya canja, a ci gaba da kwafarsa daga hannu zuwa hannu da aibinsa.

Wannan matsala ta taɓa cin manyan da suka fi mu kayan aiki. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a kan wasu manyan faya-fayai masu aiki da hasken leza, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar filaye na Ingila da aka yi a 1086. Kafin a cika shekara ashirin, na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a wajajen 2002. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta a kan fata, yana nan ana karanta shi.

Me ya sa a kwafi faifan ɗungurungum?

Masu aikin adana tarihi ba su tsaya ga jawo fayil ɗaya-ɗaya daga tsohon faifai ba. Suna ɗaukar abin da ake kira hoton faifai, wato kwafin duk abin da ke jikinsa daga farko har ƙarshe, yanki bayan yanki, a dunƙule cikin fayil guda. A ciki akwai takardun da ake gani, da ranakun da aka rubuta su, da tsarin da aka jera su, da manhajojin da ke tare da su, har da ragowar abin da aka goge. Da irin wannan aiki ne a 2014 'yan ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka fito da zane-zanen da Andy Warhol ya yi a 1985 a kan kwamfutar Amiga, daga fulofin da suka yi kusan shekara talatin a ajiye.

Mu Hausawa muna da dalili na musamman da zai sa mu damu da wannan. A shekarun 1990 kwamfuta ba ta zo da haruffa masu lanƙwasa a shirye ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa irin su Rabi'at domin cike wannan giɓi, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. An buga kundaye da littattafai masu yawa da su. Duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan takardu a kwamfutar da ba ta da salon haruffan ya ga yadda "ƙasa" ke komawa "}asa", "ɗaya" ta zama "]aya". Idan aka kwafi takardar kaɗai aka bar salon haruffan a baya, an ceci jiki an bar tufafi. Idan kuwa aka ɗauki hoton babbar ma'ajiyar kwamfutar shagon gaba ɗaya, takardar da haruffanta da manhajar da ta rubuta ta duk suna tafiya tare.

Lambar da ke ba da shaida

To, bayan an kwafa, ta yaya za a san kwafin daidai yake da asali? Ta yaya kuma bayan shekara goma za a san bai canja ba? Nan ne lambar tantancewa ke shigowa. Lissafi ne da ake bi ta kan dukkan abin da ke cikin fayil, a fitar da gajeriyar lamba da ke wakiltarsa. A rubuta lambar a ajiye. Duk ranar da aka so, a sake lissafin. In lambar ta fito kamar ta farko, fayil yana nan yadda yake. In ta saɓa, wani abu ya taɓu.

Kusan kowa yana amfani da ƙaramin samfurin wannan dabara ba tare da ya lura ba. Lambar asusun banki mai alƙaluma goma da ake amfani da ita a Najeriya, alƙalaminta na ƙarshe ana samo shi ne ta lissafi daga sauran tara da lambar bankin, shi ya sa kuskuren buga lamba ɗaya yakan sa na'ura ta ƙi amincewa. Hanya mafi sauƙi ita ce tarawa: 7 da 2 da 5 sun ba da 14, idan 2 ta koma 3 jimla ta zama 15, an kama kuskure. Rauninta shi ne in aka juya jerin ya zama 2, 7, 5, jimlar tana nan 14, ɓarna ta wuce ba a gani ba. Wannan ya sa masana suka nemi lissafin da ke lura da matsayin kowane alƙalami. A 1961 W. Wesley Peterson ya gabatar da tsarin CRC, wanda shi ne ke gadin kowane yanki mai bayit 512 a jikin fulofin kwamfutocin da muka saba da su. Saƙon kuskuren da kan fito lokacin kwafar tsohon faifai sau da yawa wannan mai gadi ne ke cewa lissafi bai yi daidai ba.

Domin fayil sukutum, Ronald Rivest na cibiyar MIT ya tsara MD5 a 1991, mai fitar da lamba mai haruffa da alƙaluma 32. A 2004 ƙwararriyar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna ana iya haɗa fayil biyu mabambanta masu lambar MD5 iri ɗaya da gangan. A watan Fabrairun 2017 kamfanin Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam suka yi wa wani tsarin mai suna SHA-1 irin wannan. Yau abin da aka fi dogara da shi shi ne SHA-256, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar a farkon shekarun 2000, mai fitar da lamba mai haruffa da alƙaluma 64. Haruffa uku na "abc" kaɗai suna ba da lambar da ta fara da ba7816bf ta ƙare da f20015ad. A sauya harafi ɗaya, lambar duka ta rikiɗe, ba ta ko kama da ta farko. MD5 har yanzu tana iya kama lalacewar da ta faru da kanta, amma inda ake tsoron hannun mai ha'inci, kamar takardar fili ko ta gado, SHA-256 ce ta dace.

Gadon da muka riga muka mallaka

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana karantarwa da wa'azi kafin jihadi. Littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a 1812, sun iso gare mu ne ta hannun masu kwafa, kuma malaman wancan zamani ba su ɗaukar kwafi da muhimmanci sai an yi masa muƙabala: ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon rubutu, ana gyara a gefen shafi, ana sa alamar inda aka tsaya. Alarammomin tsangaya kuma suna da ilimin harji, inda suke kiyaye sau nawa wata kalma ta zo a Alƙur'ani da wace siga, ta yadda marubuci ba zai ƙara ko ya rage ba tare da ƙidaya ta tona shi ba. Lambar tantancewa ita ce wannan muƙabala da wannan ƙidaya, na'ura ce kawai ke yin su cikin daƙiƙoƙi. Abin takaici shi ne jikokin masu wannan tsantseni sun koma tura fayil ta WhatsApp, wanda ke matse hoto da bidiyo yana rage ingancinsu in ba a tura su a matsayin takarda ba, sannan a goge na asali.

Asarar da ke gabanmu babba ce. Zamfara ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, kuma aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi na tattara waƙoƙin baka ya nuna yawan abin da ya dogara ga kaset. Fina-finan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, sun ratsa kaset zuwa sidi zuwa memori, kowane juyi yana cin wani abu daga ingancinsu. A nan akwai abin lura: kaset na murya ko na bidiyo ba shi da lambar tantancewa, domin ba da alƙaluma yake riƙe sauti ba. Sai an juye shi cikin kwamfuta da mafi kyawun inganci, a sigar da ba a matse ba irin WAV, sannan a lissafa lambar wannan uwar kwafi, a riƙa cirar na saurare daga jikinta.

Abin da lambar ba ta yi

Lambar tantancewa mai shaida ce, ba ta gyara abin da ya lalace. In ta nuna ɓarna, sai an koma ga wani kwafi mai lafiya. Haka kuma ba ta tabbatar da cewa karatun farko daidai ne. In faifan ya riga ya rube, lambar za ta yi gadin ruɓaɓɓen kwafi da aminci. Shi ya sa ƙwararru ke karanta faifai sau biyu, in da hali da na'ura biyu, su gwada lambobin. Suna kulle ɗan makullin hana rubutu da ke kusurwar fulofi kafin su saka shi, kuma ga faifan da ya jigata suna amfani da kayan aiki irin su Greaseweazle da KryoFlux, masu ɗauko motsin maganaɗisun kansa, ko manhajar ddrescue mai kwashe sassa masu lafiya tukuna kafin ta koma kan masu ciwo.

Yawan kwafi da nisanta su shi ne sauran maganin. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. Mutanen Timbuktu sun ga amfanin wannan a Janairun 2013, lokacin da aka ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, alhali mafi yawan taskar garin ta tsira saboda Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun kwashe ta zuwa Bamako. A yankin da rashin tsaro ya tilasta wa iyalai barin gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Dogaro da intanet kaɗai ma bai isa ba, domin a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kowace kwamfuta mai Windows tana da umarnin certutil da ke lissafa SHA-256 kyauta, Linux tana da sha256sum. Abin da ake buƙata shi ne tsari: a ba kowane faifai lamba, a ɗauki hoton rubutun da ke bayansa, a rubuta mai shi da ranar da aka kwafe shi, a ajiye jerin lambobin tantancewa tare da kowane kwafi, a buga shi a takarda kuma, sannan a sake lissafi aƙalla sau ɗaya a shekara. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, tana da ɗaliban kwamfuta da na Hausa da na tarihi a harabar guda; ɗaki ɗaya mai na'urar karanta fulofi da sidi da kaset zai ba su aikin bincike na shekaru, tare da musayar kwafi da Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Akwai kuma shirin Laburaren Birtaniya na ceto taskokin da ke cikin haɗari, wanda ke ba da tallafi tun 2004. Fadodin hakimai, makarantun Islamiyya, tsofaffin shagunan buga takardu da masu sayar da kaset su ne ke riƙe da kayan. Ya kamata a fara zuwa wurinsu tun yanzu, a fara da fulofi da sidin da aka ƙona a shago, domin su ne suka fi kusa da mutuwa.