Yadda Muka Ceto Tsiron Ƙahon Barewa Daga Sanyin Hunturu

A lambun makarantarmu akwai wani tsiro wanda ba a shuka shi a ƙasa. Malaminmu na ilmin halittu ne ya kawo shi daga Kudu, inda yake fitowa a jikin kwakwar manja da manyan itatuwan kurmi, ya ɗaure shi a jikin katako. Masana suna kiransa Platycerium, mu kuwa muna ce masa ƙahon barewa, domin ganyensa yana da rassa kamar ƙahon barewar Turai. Kada mai karatu ya zaci kauci ne. Kauci yana tsotse ruwan bishiya, shi kuwa wannan wurin zama kawai yake nema.

Ganyensa iri biyu ne. Akwai dogaye masu reto, akwai kuma masu faɗi kamar faifai waɗanda suke lulluɓe saiwa. A tsakiyarsu akwai wani ɗan ido mai gashi-gashi, kuma daga nan ne kowane sabon ganye yake fitowa.

Ni aka ɗora wa kula da shi. Amma da aka ba mu hutun Disamba, ɗokin gida ya sa na bar shi a fili. A nan tudun Jos kuwa, da hunturu, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare, ga iska mai busar da fata. Tsiron kurmi ba ya jure wa haka. A Turai da Amurka abin ya fi tsanani, domin a digiri 0 ruwan cikin ganye yakan zama ƙanƙara ya farfasa shi. Da muka dawo, na tarar ganye ya yi baƙi ya yanƙwane. Gabana ya faɗi, na ɗauko wuƙa don in yanke kafin Malam ya gani. Sai ga shi! Ya ce, "Ajiye wuƙar nan, fara duba idon."

To, ga abin da ya koya mini. Da farko a taɓa idon nan. In yana da tauri, tsiron yana da rai; in ya yi laushi yana wari, ya mutu. Na biyu, a mai da shi wurin da haske yake shiga amma iska ba ta kaɗawa, kada kuma a sa shi a rana tsaka. Na uku, a bar ganyen da ya lalace har sanyi ya wuce, domin bargo ne ga idon. Wanda ya ruɓe kaɗai za a cire. Faifan nan kuwa ba a ɓare shi ko ya bushe, haka halittarsa take. Na huɗu, a jiƙa saiwar, sa'an nan a jira ta sha iska kafin a ƙara ruwa, gama yawan ruwa yana ruɓar da ita. Taki kuma sai sabon ganye ya fito.

Kullum da safe kafin a buga ƙararrawa nakan je in duba. A watan Maris wani ɗan kore ya leƙo daga idon. Ran nan ko karin kumallo ban tuna ba.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in hunturu ya ƙona muku shuka kada ku yi garaje. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ni dai bana, kafin in ɗaure akwatina, sai na shigar da shi ɗaki.