Ko Kun Sani?

Daraktan Indiya Manmohan Desai ya ba da umarnin finafinai 8 da Amitabh Bachchan ya fito a cikinsu, daga Amar Akbar Anthony a 1977 zuwa Gangaa Jamunaa Saraswathi a 1988. Masu kallon Indiya na tun zamanin silima ba sa buƙatar a tuna musu Naseeb ko Mard.

Amma Coolie ne ya fi barin tarihi. Ranar 26 ga Yuli, 1982, ana ɗaukar wani faɗa tsakanin Amitabh da ɗan wasa Puneet Issar a Bangalore, sai cikin Amitabh ya bugi gefen tebur. Raunin ya yi muni har aka fara fidda rai, jama'a suka duƙufa addu'a a masallatai da wuraren bauta. Da Amitabh ya warke, Desai ya canza ƙarshen labarin. Da farko an tsara Iqbal, ɗan dakon tashar jirgin ƙasa mai lamba 786 da Amitabh ya fito a matsayinsa, zai mutu, sai aka bar shi da rai. Abin burgewa, a fim ɗin da ya fito a 1983, hoton yakan tsaya cak a daidai wurin bugun, rubutu ya bayyana yana sanar da masu kallo cewa nan ne jarumin ya ji rauni.