Koren murfi a bakin taya: gaskiyar naitrojin da abin da aka ƙaƙaba mata

A shagunan taya na zamani da wasu gidajen mai na manyan birane, idan mai mota ya zo ƙarin iska akan tambaye shi: "Alhaji, ta gama-gari za a sa maka ko naitrojin?" In ya zaɓi ta biyun, sai ya biya kuɗin da ya ninka na mai faci, a ɗaura masa koren murfi a kan bawul. Daga nan labari ya bazu a tashoshin mota da zaurukan WhatsApp. Wai tayar da ta sha naitrojin ba ta sacewa, ba ta ɗaukar zafi, ba ta fashewa a hanya, tana rage shan mai, kuma wai haɗa ta da iskar mai faci ganganci ne. Hujjar kuwa kullum ɗaya ce: ai ita ake sa wa jirgin sama.

A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai wadda aka ƙara wa gishiri, akwai kuma ƙarya tsagwaronta. Ƙaryar ce ta fi damuna, domin tana iya sa direba ya hau babbar hanya da tayar da ba ta da isasshiyar iska, ransa a kwance.

Abu na farko da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne, iskar da muke shaƙa, wadda kwampreson mai faci ke zuƙa ya tura cikin taya, kashi 78 cikin 100 nata naitrojin ce. Kashi 21 oksijin ne, ragowar kuma wasu iskoki ne 'yan kaɗan da laimar ruwa. Injin da ke shagon ba wata sabuwar iska yake ƙerawa ba. Wannan iskar tamu yake tacewa, ya rage oksijin da laima, ya fitar da naitrojin mai tsabtar kashi casa'in da wani abu. Kuma ko ita ɗin ba haka take isa cikin taya ba, domin tayar da aka sauke wa iska ba wofi take ba, cike take da iskar waje. Idan aka cika ta sau ɗaya zuwa awo 32 na PSI a geji da naitrojin mai tsabtar kashi 95, lissafi ya nuna abin da ke ciki bai wuce kashi 90 ba. Sai an cika an sauke, an sake cikawa, sau biyu ko uku, kafin a kusanci abin da aka tallata. Wanda aka ɗora wa naitrojin a kan tsohuwar iskarsa cikin minti ɗaya, murfin kawai ya saya.

Batun rashin saurin sacewa yana da tushe. Roba ba ta riƙe iska ɗari bisa ɗari. Ko babu ƙusa, lafiyayyiyar taya tana iya rasa har kimanin awo ɗaya na PSI a wata, iskar na ratsa jikin robar sannu a hankali, kuma oksijin ya fi naitrojin saurin ratsawa da ninki uku zuwa huɗu. Abin tambaya shi ne girman bambancin idan an zo gwaji. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wannan, ta fitar da sakamako a 2007. Ta ɗauki nau'in taya 31, kowane nau'i guda biyu, ɗaya aka cika da iska ɗaya da naitrojin, duk zuwa PSI 30, aka ajiye su a waje shekara guda. Masu iskar gama-gari sun rasa PSI 3.5 a matsakaici, masu naitrojin sun rasa 2.2. Bambancin ke nan: 1.3 a cikin wata goma sha biyu. Duka biyun sun sace, ɗaya ce dai ta ɗan fi jinkiri. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa a manyan hanyoyin Amurka ma, a rahotonta na 2009, ta tabbatar naitrojin na rage saurin sacewar.

Amma a hanyoyinmu, ba ta jikin roba iska ta fi gudu ba. Ƙusa ce, ko bawul da ya tsufa, ko wili da ya lanƙwashe a rami har bakin taya ya daina kama shi da kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai faci yana shafa ruwan sabulu a gefen wili ya ga yadda kumfa ke tasowa a jere ta wurin da ido bai ga komai ba. Ta irin wannan kafa, naitrojin da iska tare suke fita, babu wadda ke jiran wata.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi jan hankalin direbobin doguwar tafiya, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Cewa naitrojin "iska mai sanyi" ce ba gaskiya ba ne. Busasshiyar iska da naitrojin doka ɗaya suke bi: in zafi ya ƙaru, ƙarfin matsinsu a cikin taya ya ƙaru, kusan PSI ɗaya ga kowane digiri shida. Tayar da aka auna da sanyin asubar hunturu za ta nuna ƙarin awo uku ko fiye da azahar, ko mene ne a cikinta. Ɗan abin da ke da gaskiya a nan shi ne laima. Kwampreson da ba a zubar masa da ruwan tankinsa yakan tura ɗigon ruwa cikin taya, musamman da damina, kuma ruwan in ya yi zafi ya zama tururi yana sa awon ya yi ta hawa da sauka fiye da ƙima. Naitrojin busasshiya ce, ba ta da wannan matsala. Iskar da ta fito daga kwampreso mai tace ruwa ma ba ta da ita.

Zafin da ke fasa taya daga jikin tayar yake fitowa. A kowane juyi, gefen taya yana lotsawa inda ya taɓa ƙasa sannan ya miƙe. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa, ba a jimawa sai ta yi zafi a hannu, a ƙarshe ta karye. Idan iska ta yi ƙasa, ko kaya sun yi yawa, ko gudu ya wuce misali, lotsawar na ƙaruwa, zafi ya taru, roba ta fara rabuwa da wayoyin da ke cikinta, sai a ji ƙara. Motar haya da aka yi wa lodin buhuna har saman but, ga fasinja shida, ga tsofaffin tayoyi na hannu, tana gudu ɗari da ashirin da tsakar rana, babu irin iskar da za ta cece ta. Shi ya sa al'adar nan ta rage wa taya iska a tsakiyar tafiya "don kada ta fashe" take aikata akasin abin da ake nufi. Ƙarin awon da aka gani a taya mai zafi abu ne da masu ƙera ta suka riga suka lissafa. In an sauke shi, an ƙara mata lotsawa ne.

To jirgin sama fa? Gaskiya ne naitrojin ake sa wa manyan jirage, amma dalilin wuta ne, ba tsimin iska ba. Ranar 31 ga Maris 1986, jirgin kamfanin Mexicana ƙirar Boeing 727 ya tashi daga birnin Meziko. Birkin ɗaya daga cikin ƙafafunsa ya yi mummunan zafi, tayar da ke wurin kuma iskar gama-gari aka cika mata. Bayan an naɗe ƙafafun cikin jikin jirgin, tayar ta yi bindiga, ta tsinka bututun mai da wayoyi, wuta ta kama, jirgin ya faɗi a kan duwatsun jihar Michoacán. Mutum 167 da ke ciki duk sun rasu. Roba in ta yi zafi matuƙa tana fitar da hayaƙi mai kama wuta, oksijin da ke matse a cikin tayar kuma ya ba shi abin ci. Bayan wannan ne hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta cewa oksijin a tayoyin manyan jirage masu birki kada ya wuce kashi 5 cikin 100. Tayar irin wannan jirgi tana ɗaukar matsi kusan PSI 200, tana kusa da birkin da ke kaiwa ɗaruruwan digiri, sannan tana hawa sama inda sanyi ke daskarar da ruwa. Tayar Corolla mai awo talatin da ɗoriya ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye. Masu tseren motoci su ma busasshiyar iska suke nema, domin a wurinsu rabin awo yana sauya yadda mota ke kama kwana.

Rage shan mai kuwa, ba aikin naitrojin ba ne. Cikakkiyar taya ce ke rage shan mai, ko da me aka cika ta. Ƙiyasin ma'aikatar makamashi ta Amurka shi ne, kowane awo ɗaya da tayoyi huɗu suka rasa yana cin kimanin kashi 0.2 cikin 100 na nisan da lita ke kai mota. A ɗora wannan a kan bambancin 1.3 na shekara guda, za a ga ribar ba ta kai a ji ta a aljihu ba. Masu cewa ta fi sauƙin nauyi kuma, bambancin a taya guda 'yan giram ne.

Jita-jitar da nake so ta mutu ita ce ta hana haɗawa. Babu abin da zai faru idan aka ƙara iskar mai faci a kan naitrojin. Ba ta fashewa, ba ta lalata roba, tsabtar naitrojin ɗin ce kawai za ta ragu. Direban da ya lura tayarsa ta yi ƙasa a tsakanin Kano da Zariya, ya wuce masu faci goma yana jiran ya isa shagon da ke da inji, ya zaɓi haɗari na gaske don gudun wanda babu shi. Akwai kuma wanda tun ranar da aka ɗaura masa koren murfi bai sake bari an sa wa tayarsa geji ba, saboda an ce masa ba ta sacewa. Wannan ya fi wanda bai taɓa jin sunan naitrojin ba shiga hatsari.

An ce kuma tana hana taya tsufa da wili yin tsatsa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin oksijin na cin roba sannu a hankali, laima kuma na cin ƙarfe, har da na'urar auna iska da ke cikin tayoyin sababbin motoci. Sai dai bayan tayar yana nan a cikin rana da iska kullum, kuma motar da ke aiki takan cinye zanen tayarta kafin cikin ya tsufa. Wanda tsufan taya ya dama, ya duba gefenta inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar hannu mai kyakkyawan zane da ta shekara goma, naitrojin ba za ta mayar da ita sabuwa ba.

Ra'ayina shi ne, idan shago ya sa maka naitrojin kyauta ranar da ka sayi taya, ka karɓa, ba ta cutarwa. Motar da ke daɗewa a ajiye da tayar safaya da ake mantawa da ita a but suna iya ɗan amfana. Amma idan biya za ka yi duk lokacin ƙari, kuɗin sun fi amfani a geji naka na kanka, domin gejin bakin hanya da yawa sun sha faɗuwa a ƙasa. Ka auna sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, da safe kafin mota ta yi nisa. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba abin da motarka ke buƙata ba. In mai faci ya ce, "Oga, hamsin muke sa wa irin wannan," ka buɗe ƙofa ka nuna masa takardar, ya sa abin da aka rubuta.