Man kartam: abinci ne da man shafawa, ba maganin komi ba

Idan hunturu ya kama, iska kan busar da fata, faso ya tsaga dugadugai, leɓunan yara su fashe. A lokacin ne masu tallar mai ke yawaita. Cikin abin da suke yabo akwai wanda ake rubuta wa huile de carthame a jikin kwalba. Wasu na cewa yana narkar da tumbi, yana warkar da hawan jini da ciwon sukari. Kafin mai gida ya saida tiya biyar ta hatsi don ya saye shi, ya kamata mu san gaskiyarsa.

Mine ne kartam?

Tsiro ne mai ƙaya, mai fure ja ko rawaya. Saiwarsa kan nutsa fiye da metir 2 cikin ƙasa, shi ya sa yake jure fari. Yana nuna cikin wata 4 zuwa 5. Tun zamanin fir'aunoni Misirawa ke rini da furensa, har an tarar da shi cikin kabarin Tutankamun da aka gano a 1922. Yau ana nomansa da yawa a Kazakistan, Rasha, Indiya, Meksiko da Amurka. A Afirka, manoman Habasha da Sudan sun san shi. Ƴaƴansa farare ne, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu mai ne. Abin da ya rage bayan matsa ana ba dabbobi, kamar tunkuzar gyaɗa.

Amfaninsa ga jiki

Man kartam na asali yana ɗauke da wani sinadari mai suna linoleyik, fiye da kashi 70 bisa 100. Jikin mutum ba ya iya yin wannan sinadari da kansa, sai ya same shi cikin cimaka. Idan aka sa irin wannan mai a madadin kitse da man shanu, yana rage maiƙon da ke toshe hanyoyin jini. Sai mu lura: a madadinsu muka ce, ba a ƙara a kansu ba. Kowane mai yana sa ƙiba idan an yawaita shi.

A fata kuma, yana riƙe damshi, yana tausasa kaushi. A shafa kaɗan bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba. Ranar farko a gwada a hannu. Idan ya kawo ƙaiƙayi, a bar shi.

Abin da za mu kiyaye

Zafi da rana suna saurin lalata shi. A aje shi a inuwa, bakin kwalba a rufe. Idan ya fara wari, a zubar.

Kada a zuba shi a gyambo ko sabuwar ƙuna. Waɗannan aikin likita ne.

Mace mai ciki kada ta sha jiƙon furensa, domin yana iya jawo zubar jini.

Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya aje maganin da lokotoro ya rubuta masa saboda kwalbar mai. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kada mutum.

Namu na gida fa?

Wannan sinadari yana cikin abin da muke nomawa. Man riɗi yana da kimanin kashi 40 bisa 100, man gyaɗa ma yana da rabonsa. Wajen faso da kaushi kuwa, iyayenmu sun daɗe da sanin aikin man kaɗanya. Wanda ke da hali ya sayi man kartam, ba laifi. Wanda ba shi da hali bai yi asarar komi ba: ya ƙara kunya biyu ta riɗi a gonarsa idan damina ta faɗi, ya bar kuɗinsa don awon asibiti.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.