Ƙwarangwal ɗin Manhajar Intanet da Shawarwarin da Yake Ɗauke da Su

Mai rubuta manhajar da za ta yi aiki ta intanet ba safai yakan fara da farar takarda ba. Yakan ba kwamfuta umarni guda, ita kuwa ta shimfiɗa masa jerin fayiloli waɗanda aka riga aka tsara, kowanne da mazauninsa da aikinsa. Wannan shi ake kira ƙwarangwal ɗin aiki, watau siffar da za a yi ta ɗora wa tsoka har manhaja ta tsaya da ƙafarta.

Hanyar ta yi ƙarfi ne bayan fitowar Ruby on Rails a 2004, da Django a 2005. Shi Django an ƙirƙiro shi ne a wani gidan jarida, Lawrence Journal-World, da ke jihar Kansas ta Amurka, inda matsin lokaci ya tilasta wa ma'aikata neman hanyar gama aiki da sauri. Da umarnin startproject ake samun fayil na saituna, da na adireshin shafuka, da wanda ake gudanar da aikin da shi. Amfanin wannan a fili yake: aikin yini ya koma na minti ɗaya, sa'an nan sabon ma'aikaci ya san inda zai nemi kome ba tare da ya tambayi wanda ya gada ba.

To, amma akwai abin lura. Kowane ƙwarangwal yana zuwa da shawarwarin da wani ya riga ya yanke a madadin mai aiki. A Django, alal misali, saitin da ake kira DEBUG yakan zo a kunne, domin ya taimaka wa mai rubutu ya ga kurakuransa. Idan aka ɗora manhajar ma'aikata a intanet ba a kashe shi ba, duk baƙon da ya ci karo da kuskure zai ga cikin gidan, har da sunayen fayiloli da wani sashe na saituna. Mabuɗin sirri kuma yana rubuce ne cikin fayil ɗin saituna, wanda sau da yawa ake kwafe shi a raba wa abokan aiki. Har agogo ma an zaɓa masa: ƙwarangwal ɗin yana bin lokacin UTC, alhali Nijeriya da Nijar suna gaba da shi da sa'a ɗaya. A shafin neman aiki da za a rufe ƙarfe 12 na dare, sa'a ɗaya ba ƙaramin abu ba ce.

Har ila yau ƙwarangwal yakan tsufa. Kamfanin Facebook ya fito da Create React App a 2016, ya zama mashigar ɗalibai da yawa, har ana ganin ba shi da na biyu. Da wasu kayan aiki irin su Vite, wanda Evan You ya fara a 2020, suka fi shi sauri, sai kulawa da shi ta ja baya. A watan Fabrairu na 2025 masu kula da React suka sanar cewa kada a ƙara fara sabon aiki da shi. Manhajojin da aka gina a kansa ba su mutu a ranar ba, amma ɗawainiyar sauya musu harsashi ta faɗo kan masu su, kuma ofishin da ɗan kwangilarsa ya tafi bai bar bayanin abin da ya yi amfani da shi ba, sai ya sake biyan wani ya tono masa.